Magadan Eastman da Rabin Labari

A arewacin jihar Niyok ta Amurka, a gaɓar wani makeken tafki da ake kira Ontario, akwai wani gari mai suna Rochester. Gari ne mai tsananin sanyi, dusar ƙanƙara kan lulluɓe shi wata da watanni. Kusan shekara ɗari, duk yaron da ya tashi a garin nan da labari ɗaya ake renonsa, labarin George Eastman, mutumin da ya kafa kamfanin Kodak. A gida a ba shi, ranar da aka ɗauke shi aiki a sake ba shi, in ya tsufa ana bikin sallamarsa a maimaita masa, shi ma ya miƙe ya maimaita wa na baya. Kuma labarin gaskiya ne, babu ƙarin gishiri a cikinsa. Abin da ya sa ya yi wa mutanen garin illar da ya yi ke nan. Da ƙarya ce, da wani ya ƙaryata ta tun da wuri an huta.

An haifi Eastman a 1854. Bai cika shekara takwas ba mahaifinsa ya rasu ya bar su cikin rashi, uwarsa ta koma saukar da 'yan haya a gida tana dafa musu abinci. Tun bai wuce shekara 15 ba ya bar makaranta ya zama masinja a wani kamfanin inshora, ana ba shi dala 3 a mako. Daga baya ya samu aikin akawu a banki. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya yi niyyar tafiya Santo Domingo, wani abokin aikinsa ya ce masa ai ya kamata ya ɗauko hotuna. Ya je ya sayi kayan hoto na wancan zamani: akwati mai nauyi, da ƙafafun da ake ɗora shi a kai, da tanti, da farantan gilashi, da kwalaben sinadarai, da tulun ruwa. Mai hoto a lokacin sai ya shiga tanti ya shafe gilashi da sinadari, ya fito da hanzari ya ɗauki hoton tun gilashin na jiƙe, ya koma ya wanke kafin ya bushe. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma wahalar kayan nan ta tsaya masa a rai.

Ya shiga karanta mujallun masu hoto na Ingila, inda ya ga ana gwajin wani faranti da ake shafawa ya bushe, a ajiye shi sai ranar buƙata. Da rana yana banki, da dare yana kicin ɗin uwarsa yana dame-damen sinadarai, wani lokaci barci ya sace shi a ƙasa kusa da murhu da tufafinsa a jiki. Shekara uku yana wannan fama. A 1880 ya fara sayar da busassun faranti, a 1881 wani mai kuɗi da ake kira Henry Strong, wanda sana'arsa yin bulalar keken doki ce, ya zuba jari suka haɗa gwiwa. Ba a jima ba sai ga tsautsayi. Farantan da ke hannun dillalai suka lalace, masu hoto suka yi ca a kansa. Eastman ya ce a dawo da su duka, ya musanya wa kowa da sababbi, har asusunsa ya kusa ƙarewa. Da aka bi diddigi aka gano daga jelatin ne, wato danƙon nan da ake samu daga ƙashi da fatar shanu, wanda ke riƙe sinadarin azurfa a jikin gilashin.

A nan masu ba da labarin kan dakata su gyara murya. Amana, inganci, juriya. Daga nan sai a yi tsalle a faɗa kan kyautarsa, wadda ita ma ba ta wasa ba ce. A 1912 ya fara raba wa ma'aikata kaso daga ribar shekara, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1919 ya ba su kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa. Ya zuba dukiya a jami'ar Rochester, ya gina makarantar koyon kiɗa da asibitin haƙori na yara, ya yi ta aika wa makarantar fasaha ta MIT miliyoyin dala da sunan wani Mista Smith don kada a san shi ne. Da ya mutu a 1932 aka binne tokar gawarsa a harabar masana'antar da a lokacin ake kira Kodak Park, aka kafa dutsen marmara a wurin.

Amma tsakanin lalatattun farantan nan da kyautar akwai wani yanki da ake ratsawa a guje. Farantan gilashi suna kawo kuɗi, sai ga Eastman ya tsiri neman abin da zai maye gurbinsu. A 1885 ya fito da fim na takarda da ake naɗewa. Ƙwararrun masu hoto, waɗanda su ne abokan cinikinsa, suka gwada suka yatsina fuska, domin hoton bai kai na gilashi fita ba. Da wani ne sai ya ce kasuwa ta yanke hukunci, a koma kan abin da aka sani. Shi kuwa sai ya juya ga mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba. A 1888 ya fito da ɗan akwati mai suna Kodak, dala 25, da fim na hoto 100 a cikinsa. In fim ɗin ya ƙare ka aika da akwatin ɗungurungum zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke maka hotuna, a sa sabon fim a dawo maka da shi. Tallarsu ita ce kai dai danna, sauran aikin namu ne. A 1900 kuma ya fito da Brownie, kyamarar kwali ta dala 1, fim ɗinta santi 15, wadda yara ma ke iya saya. Mutumin da ya fara da kyamarar dala 25 shi ne da hannunsa ya jefa ta dala 1 a kasuwa.

Ashe abu biyu ya bari a gado: kayan da ya ƙera, da halin da ya sa ya ƙera su, wato halin mutumin da ba ya jira wani ya zo ya kashe masa kasuwa. Magada suka rungumi na farko suka yi masa kirari. Tamkar 'ya'yan mai haƙar rijiya ne da suka gaji rijiya mai ruwa, suka kewaye ta da katanga, suka rataye digar uban a bango don baƙi su gani.

Kuma ba za a ga laifinsu da sauri ba, domin abin da suka gada ya shayar da su fiye da zato. A 1976, cikin kowane fim goma da aka sayar a Amurka tara na Kodak ne, kyamarori kuwa kashi 85 cikin ɗari. A farkon shekarun 1980 mutum sama da 60,000 ke aiki a kamfanin a Rochester kaɗai, a 1988 ma'aikatansa a duniya sun haura 145,000. A lokacin Kodak Park gari ne sukutum, da layin dogonsa, da tashar lantarkinsa, da 'yan kwana-kwanansa. Ma'aikata na yi wa kamfanin laƙabi da Babban Uba Mai Ruwan Ɗorawa, saboda launin kwalin fim ɗinsa. Ƙungiyar ƙwadago ba ta taɓa samun gindin zama a masana'antar ba, wa zai yi wa uba yajin aiki? Kaka ya yi aiki a nan, uba ya yi, ɗa na makaranta ya san inda za shi. Mu ma nan kwalin ya iso mu. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu ya san mai hoton sallah da na biki, wanda zai ce a tsaya kar a motsa, sannan ya ce a dawo jibi, sai an kai wanki.

Sirrin kuɗin ba a kyamara yake ba. Kyamara a sayar da ita da arha, ko ba riba. Duk dannawa ɗaya da mutum ya yi, ya sayi fim, zai biya kuɗin sinadarin wanki, zai biya kuɗin takardar da za a buga hoton a kai, kuma duka ukun Kodak ke yi. Ribar fim kuwa ta wuce rabin kuɗin da aka sayar da shi.

To, labari irin wannan ba a bakin masu jawabi kaɗai yake tsayawa ba. Yana bin mutane har ofis. Shi ke nuna wanda za a ƙara wa girma, da sashen da za a ba kuɗi, da maganar da in an faɗa za a gyaɗa kai, da wadda in an faɗa ɗaki zai yi tsit. A Kodak hanyar zama babba ta cikin masana'antar fim take bi. Mutum ya shigo yana saurayi da digirin sinadarai, ya shekara talatin yana hawa mataki mataki, kafin ya kai sama ya riga ya haddace abin da ake so a ji. Babu wata doka da aka rubuta cewa kamfanin nan na fim ne har abada. Ba a buƙaci a rubuta ba.

Tun a shekarun 1940 aka fara ganin alama. Wani mutum mai suna Chester Carlson ya ƙirƙiro hanyar kwafar takarda ba tare da jiƙa ta da sinadari ba, ya yi ta yawo da ita kamfani kamfani, sama da ashirin suka ce ba sa so, har da Kodak. Wani ɗan ƙaramin kamfanin takardar hoto mai suna Haloid, a cikin Rochester ɗin nan dai, shi ya karɓa. Shi ne ya zama Xerox. Haka kuma da za a yi wasannin Olamfik na 1984 a Los Angeles, Kodak ya tsaya jan aji a kan kuɗin ɗaukar nauyi, yana ganin Ba'amurke ba zai bar kwalin ruwan ɗorawa ya ɗauki kore na Japanawa ba. Kamfanin Fuji na Japan ya biya, ya zama fim ɗin gasar, a kan idon masu gida.

Amma babban abin da ake tuna su da shi ya faru ne a wani ɗakin gwaji a 1975. Wani saurayi injiniyan lantarki, Steven Sasson, ɗan shekara 25, wanda bai fi shekara biyu da fara aiki ba, ubangidansa Gareth Lloyd ya miƙa masa wani sabon ɗan ƙanƙanin abu da kamfanin Fairchild ya ƙera, mai mayar da haske ya zama lantarki, ya ce ya duba ko zai yi wani amfani. Aikin ba shi da muhimmancin da wani zai sa masa ido, shi ya sa ma aka ƙyale shi. Sasson ya tono gilashin wata tsohuwar kyamarar sinima daga cikin tarkace, ya haɗa da batir 16, da rikodar kaset, da tarin wayoyi. Abin da ya fito akwati ne mai nauyin kusan kilo huɗu. A watan Disamba ya roƙi wata ma'aikaciyar ɗakin ta tsaya ya ɗauke ta. Sai da aka yi daƙiƙa 23 kafin hoton ya gama shiga kaset. Da aka sa a talabijin, ga gashinta ya fito, fuskar kuwa duk yayyafi. Ta duba ta ce da sauran aiki, ta yi tafiyarta. Ya koma ya sauya wasu wayoyi, sai ga fuska ta bayyana, fari da baƙi, ɗigo dubu goma kacal. Hoto ke nan ba fim, ba takarda, ba wanki.

Ya yi ta ɗaukar akwatin nan yana shiga da shi gaban manya. Yakan ɗauki hoton waɗanda ke zaune a ɗakin, kafin su gama gyara zama ya nuna musu kansu a talabijin. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Tambayoyi dai aka yi masa, irin na masu hankali. Wa zai so ya kalli hotonsa a talabijin? Ina za a adana su? Ai an shekara kusan ɗari ana buga hoto a takarda, ba wanda ya kawo kuka. Yaushe abin zai kai fim kyau? Ya yi lissafi ya ce shekara 15 zuwa 20. To, yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin kafin lokacin sun ajiye aiki. Shi da kansa daga baya ya taƙaita amsar da ya samu da cewa abin ya ba su sha'awa, amma kada ya gaya wa kowa. Aka yi wa ƙirƙirar rajista a 1978, aka hana shi maganarta a waje shekaru da dama.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ba wanda ya gane shi. Saurayi ne da ya kwana yana haɗe-haɗe, ya zo da hoto marar kyau wanda ƙwararru za su raina, amma mai sauƙin da ba a taɓa gani ba. Wannan ai shi ne Eastman na 1885 ya dawo musu. Kowa a ɗakin ya san labarin kicin da murhu, wasu ma sun sha ba da shi. Da mai labarin ya shigo da ƙafarsa, sai aka ce ya rage murya.

Kada a ce ba su sani ba. A 1981 kamfanin Sony ya nuna wata kyamara marar fim mai suna Mavica, hankalin dillalai ya tashi, Kodak ya sa sashen binciken kasuwarsa ƙarƙashin Vince Barabba ya nazarci lamarin. Sakamakon ya ce lallai sabuwar fasahar za ta iya ture fim, amma akwai sararin kimanin shekara goma na shiri. Rahoton ya yi daidai ta kowane ɓangare. Sai dai kunnen da aka rena da labari ɗaya abin da ya dace da labarin yake ɗauka. An ji shekara goma, ba a ji shiri ba. A 1989 da za a zaɓi sabon shugaba, mutum biyu ke gaba: Phil Samper, wanda ake ganin ya fi karkata ga sabuwar fasaha, da Kay Whitmore, ɗan gida da ya taso ta masana'antar fim. Aka ɗauki Whitmore, shi kuma ya ce zai riƙe kamfanin kusa da sana'arsa ta asali. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu magana. Saura a tambaya, ya gaji me?

A yi musu adalci, lissafin da ke gabansu mai ɗaci ne. Duk dala ɗaya da mutum ya bar kashewa a fim, abin da zai dawo ta hanyar kyamarar dijital ɗan kaɗan ne, domin ita sau ɗaya ake sayenta, kuma kamfanonin Japan sun fi kowa iya ƙera kayan lantarki da arha. Kuma ba zama suka yi ba. Sun kashe biliyoyin dala a bincike. A 1991 sun fitar da kyamarar dijital ta ƙwararru. A 1993 sun ɗauko George Fisher daga Motorola, karo na farko da bare ya shugabance su. A 2005 ma su ne kan gaba a sayar da kyamarar dijital a Amurka, duk da ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Sai dai duk abin da suka taɓa na sabon zamani, sai an ja shi an kai shi ya yi wa fim barantaka. A 1992 suka fito da Photo CD: ka ɗauka da fim, a wanke, sannan a zuba maka a faifai. A 1996 suka fito da tsarin Advantix bayan kashe sama da dala miliyan 500, shi ma fim ne aka yi wa kwalliya. Har wata kyamara suka yi wadda za ta nuna maka hoton a ɗan allo nan take, amma fim ne a ciki, sai ka kai wanki ka biya. A 1998 suka zuba sama da dala biliyan ɗaya a ƙasar Sin, da tunanin cewa in mutanen can suka samu kuɗi za su bi sawun Amurkawa su fara da fim. Mutanen Sin suka tsallake fim. A 2001 kuma, shekara uku kafin a kafa Facebook, Kodak ya sayi wani dandalin intanet mai suna Ofoto inda mutane ke ɗora hotuna 'yan'uwa su gani. Ga abin da duniya za ta koma yi nan a tafin hannunsu. Suka mayar da shi wurin tallar buga hoto a takarda.

A gefe guda kuma suna sayar da abin da zai cece su. Sashen sinadarai da Eastman ya kafa a jihar Tennessee tun 1920 an cire shi a 1994 ya zama kamfani mai zaman kansa, Eastman Chemical, wanda yau ya ninka uwar da ta haife shi sau da yawa. Kamfanin magunguna na Sterling da suka saya dala biliyan 5.1 a 1988 sun rabu da shi a 1994. Sashen hoton asibiti sun sayar a 2007. Dalili kullum ɗaya ne, a tattara ƙarfi a kan hoto, domin mu masu hoto ne.

Su kuwa Fuji da wani labari aka rene su. An kafa kamfanin a 1934 don Japan ta daina dogaro da fim ɗin waje, kuma ya yi shekara da shekaru yana bin ƙurar Kodak. Wanda ya tashi a matsayin na biyu ba shi da zamanin zinariya da zai riƙa waiwaye, abin da ya sani shi ne kullum ana iya ture shi. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo daga kusan dala 6 a farkon 1979 zuwa kusan dala 50 a Janairun 1980, masu fim duka sun ji a jikinsu. Farashin ya sauko, amma Fuji bai manta da tsoron ba. A 1983 ya fito da na'urar hoton ƙashi ta dijital, a 1988 ya nuna kyamarar da ke adana hoto a kati.

Duk da haka a shekarar 2000, lokacin da cinikin fim ya kai ƙololuwa a duniya, kashi 60 cikin ɗari na cinikin Fuji daga harkar hoto yake, kuma cikin shekara goma kasuwar fim ta zube ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Guguwar da ta bugi Rochester ita ta bugi Tokyo. Shugaban Fuji na lokacin, Shigetaka Komori, shi ma ɗan gida ne, ya shiga kamfanin tun 1963. Abin da ya yi shi ne ya sa aka zauna aka lissafa duk abin da kamfanin ya iya, ba abin da yake sayarwa ba. Fim mai launi shimfiɗa kusan ashirin ce ta sinadarai, ɗaya kan ɗaya, kaurinsu duka bai kai na silin gashi ba. Wanda ya iya wannan ya iya yin siririyar ledar da ake sa wa allon talabijin da na kwamfuta, sai suka faɗaɗa wannan. Jelatin ɗin fim daga sinadarin da ke cikin fata ake samunsa, kuma sun shekara da shekaru suna nazarin yadda za a hana hoto koɗewa, sai ga su a 2007 da man shafawa na mata mai suna Astalift. A 2008 suka sayi kamfanin magunguna na Toyama. Ba a ruwan sanyi aka yi ba, a 2006 sun rage ma'aikata 5,000, sun rufe wasu sassan da mutane suka ƙare ƙuruciyarsu a ciki. Amma kamfanin yana nan da ƙarfinsa, kuma har yau kalmar fim na cikin sunansa. Bai zubar da tarihinsa ba, karanta shi ya yi har ƙarshe.

A 2007 aka riƙa sa nakiya ana rushe manyan gine-ginen Kodak Park, tsofaffin ma'aikata na tsaye daga nesa suna kallo, da yawansu suna ɗaukar hoton rushewar da kyamarar dijital. Ranar 19 ga Janairu, 2012 Kodak ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Bayan wata uku Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya. Dandalin Ofoto kuwa an sayar da shi ƙasa da dala miliyan 25. Takardun mallakar fasahar dijital da injiniyoyinsu suka tara, gamayyar kamfanoni da ta haɗa da Apple da Google da Samsung ta kwashe a kan kimanin dala miliyan 525. Kodak ya fito daga kotu a 2013, yana nan har yau yana harkar ɗab'i da ɗan fim, ma'aikatansa ba su kai 5,000 ba.

Wani zai ce me ya kai ni tonon asirin mutanen da ko sunan garinsu ba ma iya faɗa daidai. Ba komai, labari ne ya zo. Na dai ji ana cewa akwai wasu wurare, nesa da Rochester, inda duk shekara ake kiran taro a babban zaure, a kafa hoton wani bawan Allah da ya rasu tun kafin a haifi rabin mahalarta. A zo da manyan riguna, a jera abin da ya kafa, jami'a da banki da masaƙa da gidan jarida, mai jawabi ya ce ba za a sake yin irinsa ba, a yi tafi, a ci abinci, a watse sai baɗi. An ce masaƙar tana rufe, bankin ya narke cikin wasu, amma jawabin bai taɓa fashi ba. An ce ba a cika ambaton cewa a zamanin marigayin duk waɗannan abubuwa sababbi ne fil, ba gadonsu ya yi ba, kuma samari 'yan shekara talatin ya ɗora a kan manyan kujeru. An ce samarin yanzu suna bakin ƙofar zauren da 'yan akwatunansu, masu gadi na ce musu manya na ciki suna tuna mazan jiya. Har ma an ce akwai irin wannan a ƙananan wurare, a shagon gado da ƙungiyar 'yan kasuwa da makarantar unguwa, inda amsar kowace shawara ita ce ba haka Alhaji yake yi ba, alhali Alhajin da ya zo gari ba abin da ya tarar ya yi ba. Ni dai ji na yi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wannan kuwa ba ni na fara faɗa ba.

Sasson ya yi aikinsa a Kodak har ya yi ritaya a 2009, a 2010 Shugaba Obama ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa a kan fasaha. Su kuwa tsofaffin ma'aikata, waɗanda Babban Uba ya yi wa alkawarin kula da lafiyarsu har ƙarshen rayuwa, a ƙarshen 2012 kotu ta amince a soke wannan alkawari, mutum kimanin 56,000 da su da iyalansu. Akasarinsu ba su taɓa shiga ɗakin da ake yanke shawara ba. Aikinsu a wurin taro shi ne tafi.